Malama Hanna, Wadda Ta Tsaya wa Badi'a

Kafin ƙarfe bakwai na safe Malama Hanna Shadrak ta sauka daga acaɓa a bakin firamarenmu ta yankin Durun. Ta buɗe tagogin aji ɗaya, ta tsaya a ƙofa tana karɓar yara da sunayensu. Haka take yi shekara talatin da biyar. Daga kudancin Kaduna ta zo mana tana budurwa, ga shi bana za ta yi ritaya.

Alherinta da yawa, amma na Badi'a ne ba ya barin bakin mutane.

Badi'a 'yar Malam Tasi'u manomi ce. Tana shekara shida ta addabi aji: ba ta zama wuri ɗaya, kafin a gama tambaya ta amsa. Hedimasta ya ce a mayar da ita gida sai ta yi hankali. Malama Hanna kuwa ta sha ganinta tana karanta guntun jaridar da aka ƙunsa mata ƙosai a ciki.

"Ranka ya daɗe, ba fitina ba ce," in ji ta. "Karatun ne ya yi mata kaɗan."

"Malama, aji bi da bi ake hawa. Haka tsarin yake."

Sai ta bi Malam Tasi'u har gona. Ya jingine fartanya ya ce, "Ni dai kar a ce 'yata ke hana 'ya'yan mutane karatu."

"Baban Badi'a, ka ba ni wata ɗaya."

Sau uku tana zuwa ofishin ilimi a Kabo, rungume da littattafan yarinyar. A na ukun aka turo sufeto, ya ba Badi'a jarrabawar aji huɗu. Ta gama, ta ɗaga hannu.

"Baba, tambaya ta bakwai akwai kuskure."

Sufeton ya duba, ya sake dubawa, ya cire tabarau yana dariya. Ya ce a kai ta aji huɗu yau ɗin nan.

Malama Hanna ta ce a'a. Lissafi da Turanci ta ɗauka da manya, wasa da cin abinci kuwa da sa'o'inta. "Ƙwaƙwalwarta ce ta girma, ita kam har yanzu yarinya ce."

Haka aka yi. Yau Badi'a tana koyar da lissafi a wata sakandare a Gwarzo.

Ke ce, Malama, uwar aji ɗaya, mai ganin abin da ya shige wa kowa duhu. Kin ja da shugabanki ba tare da raini ba, kin tsaya wa 'yar da ba ke kika haifa ba.

Mun gode, Allah ya saka da alheri, ya ba ki hutu mai albarka. Ku kuma malamai, kafin ku kira yaro fitinanne, ku zaunar da shi ku ji abin da ya sani.