Zuhura, Wadda Ta Mayar wa Waya Gaisuwarta

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, amma ku sani ba tatsuniya ba ce. Mai ita tana nan Bagudo da ranta, wata mai zuwa za ta ajiye aiki, kuma har yau ban ji wanda ya ce mata sannu ba.

Zuhura ɗiyar Malam Bunyaminu nake nufi, wadda ta haɗa manhajar wayar nan da ke gaya wa manoman shinkafa in kogin Kwara zai cika. Kullum da hantsi tana shagon caji, kwamfuta a cinya, kunun da uwarta ta aiko ya huce har ya yi fata. Ranar kasuwar Lolo kuwa, can bakin iyakar ƙasar Benin, rumfa-rumfa take bi tana duba wayoyin mutane. Wayoyin nan, jama'a! Ƙanana, gilashi a tsage, cike maƙil da bidiyon biki.

Nan wahalar take. Manhajar magana take yi, don yawancinmu ba karatu muke ba, kuma kowane yare aka ƙara sai ta ƙara nauyi, ta ƙi shiga waya. Zayyanu, ogansu a ƙungiyar da ta ɗauke ta aiki, ya ce Hausa da Turanci sun isa, a bar wuri don taswira mai launi, ita masu ba da tallafi ke son gani.

"Oga, tsofaffin bakin iyaka fa? In ba da yarensu Dandanci ba, ba su natsuwa su saurara."

"Sa shi in kin iya. Taswirata dai kar ki taɓa."

Sai ta nemo 'Yar Baba mai busasshen kifi, ta ɗauki muryarta da Dandanci. Ita kuwa baiwar Allah ba ta iya cewa ruwa na zuwa sai ta tambayi kwana, gajiya, iyali, har da mai ciwon ƙafa. Zuhura ta ga ba wuri, ta yanke gaisuwar kaf.

Daminar waccan shekarar ta yi tsakiya, waya ta yi ƙara a aljihun Baba Isma'ila, dattijon da ke noma gab da ruwa. "Kogi zai taso, ku kwashe abin da kuka iya." Ko sallama babu. Ya gane muryar sarai.

"Mi na yi wa 'Yar Baba da za ta yi mini tsawa cikin aljihuna? Ni yaronta na?"

Ya goge manhajar, maƙwabtansa suka bi sahu. Ruwa ya zo ya ci rabin gonarsa. 'Yar Baba ta iso shagon caji, gyale a ƙugu.

"Ke ɗiyar nan! Kin maishe ni marar tarbiyya a gaban mutane! Ina gaisuwata?"

Haba! Yarinyar nan ita aka ce ta rage nauyi, ita aka zaga don ta rage. Ba ta yi musu ba. Ta mayar da gaisuwar, ta cire taswirar, ta je ta gaya wa Zayyanu da bakinta. Ya yi faɗa har ya gaji, ƙarin girman da ake sa ran ba ta ya wuce ta. Fillanci ya samu shiga daga baya. Faransanci bai samu ba, kuma har gobe 'yan kasuwar Benin suna tare ta a Lolo suna mita, kamar ita ta ƙera musu wayoyin.

Zuhura mai kunnen sauraro, ke ce kika tafi har gonar Baba Isma'ila, kika durƙusa cikin taɓo kika gaishe shi yadda ya kamata, sannan kika roƙe shi aron wayarsa, kika sake sa masa manhajar. Ke ce kika tsaya har 'Yar Baba ta gama tambayarsa iyali daga cikinta, ya manta da waya ce ya amsa, "Lafiya lau." Mun gode, ɗiyata. Allah Ya yi miki albarka, ki kuma riƙa shan kununki da zafinsa.

Ku kuma samarinmu masu haɗa manhaja, don Allah ku fito kasuwa ku riƙe wayoyinmu a hannu kafin ku yanke abin da za mu ji.

Baba Isma'ila ya kwashe shinkafarsa a kan lokaci bana. 'Yar Baba tana rumfarta. Zayyanu yana nuna wa baƙi taswira a kwamfutarsa. Zuhura za ta koma Birnin Kebbi koyarwa.