Ƙafar da Likita Mamman Ya Karɓa

Shekarar da ruwan sama ya kayar da katangar gidanmu na haya a unguwar Williamsville, ina ɗan shekara tara, na taka ƙusa. Muna buga ƙwallon tsumma a tsakar gida, tsakanin igiyar shanya da turmin maƙwabciyarmu, sai na dira a kan wani katako da ruwan ya yar. Inna ta wanke wurin da ruwan zafi, ta daka bagaruwa ta haɗa da toka ta cusa, ta ɗaure da ƙyalle. Na ci gaba da ɗebo ruwa a famfo, ina raka ta Kasuwar Guro sayen doya, ina ɗingishi, har ƙafar ta kumbura ta fara wari.

Likitan da muka fara gani a Adjamé mutum ne mai fara'a, amma da Faransanci yake magana. Ta bakin wata ma'aikaciya ya tambaya ko an sa wa ciwon wani abu. Inna ta ce a'a, don tana tsoron a yi mata faɗa a gaban mutane. Ya rubuta takardar magani wadda ba mai iya karantawa a gidanmu. Ƙwayoyin sai an tuna nake sha, bagaruwa kuwa ta koma wurinta. Bayan mako guda yatsu biyu suka yi baƙi.

Baba ya saɓa ni a kafaɗa, muka shiga motar haya da ake kira woro-woro zuwa Treichville wurin Likita Mamman, ɗan wani mai sayar da goro. Bahaushe ne, shi ya sa ko wurin suna ya je, ba ya kai loma baki sai wani ya nuna masa ƙurji. Ya kwance ƙyallen, ya sunsuna, ya dubi Inna.

"Inna, bagaruwa ce ko toka? Tawa tsohuwar kam, toka take sa mana."

Inna ta rufe baki da mayafi. "Duka biyun, ɗana."

"To kin fi ta ƙoƙari. Amma daga yau ƙafar nan tawa ce, ke tuwo ne naki."

Bai ɓoye mana komai ba: ko a cire yatsun yau, ko a rasa ƙafar duka. Baba ya yarda. Maganin kuwa bai haɗa shi da agogo ba, da salla ya haɗa shi: asuba, azahar, isha'i. Inna ba ta taɓa tsallake ko ɗaya ba.

Yanzu wata likita 'yar ƙabilar Baule ce ke duba 'ya'yana, kuma tana da kirki. Ni ma na shiga ajin karatun manya, ina karanta takardar magani da kaina, a hankali. Likita Mamman ya daɗe da rasuwa, amma da ƙafarsa nake zuwa aiki tashar jirgin ruwa kullum. Abin da na rasa ba shi da yawa: yatsu biyu, takalmi ɗaya, da ƙwallon damina guda.