Kokon Alhaji Sambo a Bakin Teku

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin malamin gona, akwai wata safiya da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma har gobe in na tuna ta sai raina ya sosu. Ku da kuka shigo aiki kwanan nan ba ku iske Alhaji Sambo ba. Shi ne shugaban sashenmu a lokacin, mutumin Tambuwal, yana mataki na goma sha huɗu. Ni ina na takwas, ina kula da manoman shinkafa na fadamun wajen Fakku, a ƙasar Kebbe.

Bayan damina wata ƙungiyar agajin manoma ta gayyace mu taro a wani gari na bakin teku a ƙasar Gana. A ranar ƙarshe kowace tawaga za ta yi bayanin matsalar manomanta a gonar gwaji da ke bayan gari, sannan a zaɓi waɗanda za a ba injinan ban ruwa. Ƙa'idarsu ita ce shugaban tawaga ya fara gabatarwa, sannan ma'aikacin da ke tare da manoma ya yi bayani. In ba shugaba, ba bayani. Ni kuwa kafin in baro Kebbe manoma sun raka ni har bakin babur da addu'a, don injin haya ya gama cinye musu ribar rani.

Da safiyar ranar muka sauko ɗakin cin abinci na masauki. Burodi ne da ƙwai da abarba da gwanda, kamar kullum. Alhaji ya dubi faranti ya ture.

"Malam Garba, wanga abincin tsuntsaye ya ishe ni. Koko nika so, da ƙosai mai zahi."

Na tuna masa motar taro za ta tashi da hantsi. Ya ce shi bai taɓa ganin motar da ta tashi a kan lokaci ba, kuma mai ciwon suga ba ya shan magani a kan gwanda. Ya gyara hula ya yi gaba. Wayarsa ma a ɗaki ya bar ta, don haka dole na bi shi.

Zafin garin ba irin namu ba ne, jiƙa mutum yake yi tun da safe. Hanyar da muka ɗauka ta ɓulle bakin ruwa, inda jiragen masunta ke jere, kowanne an yi masa fenti da rubutu, maza suna jan taru suna waƙa. Alhaji bai taɓa tsayawa gaban teku ba. Ya tattare babbar riga ya matsa, wai zai ɗanɗana ya ji ko da gaske gishiri ne. Igiyar ruwa ta zo ta buge shi har gwiwa, ta tafi da takalminsa ɗaya. Ni na shiga na kamo shi, wandon da na goge don taro ya jiƙe sharkaf. Masunta suna ta dariya, shi ma yana taya su.

Daga nan muka shiga layin masu abinci. Wata mata ta kwance mana tuwon masara mai tsami da suke naɗewa a ganye, da soyayyen kifi da yaji. Ya sunsuna ya ce tuwon ya kwana ya lalace. Na ce haka suke yin sa, ya ce to su ci abinsu. Gaba kaɗan ya ga kaguwa a kwando, ya tsaya yana tambayata hukuncin cin ta, kamar ni ne limami. Mai kwakwa ya sare masa ɗaya, ya shanye ruwan, ya yaba, ya ce amma wannan ba karin kumallo ba ne.

Muka iso wani tsohon farin gini na Turawa a kan dutse. Mai gadi ya ce a nan ake tsare bayi kafin a zuba su a jirgi. Alhaji ya leƙa wani ɗaki mai duhu da ba taga, ya fito ya ɗaga hannu ya yi addu'a. A nan kam ban ga laifinsa ba. Amma rana ta ɗaga, inuwarmu sai gajarta take yi.

Can muka ji wata murya tana faɗa da Hausa, ashe mun shigo zango, unguwar Hausawan garin. Wata dattijuwa ce, Hajiya Adiza, zaune gaban babbar tukunyar koko, ƙosai yana soyuwa a gefe. Alhaji ya zauna a benci kamar wanda ya iso gida. Na ce masa a zuba mana a leda mu sha a hanya. Ya ce koko ba a shan sa a tsaye. Cikin gaisuwa Hajiya ta ce kakanta falken goro ne daga ƙasar Sakkwato, ta ji ana ambaton garin Sanyinna, na kusa da Tambuwal. Shi ke nan, Alhaji ya shiga lissafa gidajen Sanyinna ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka ƙaro kofi na biyu.

Wayata ta yi ƙara. Jami'ar taron ce, ta ce sun jira mu har sun gaji, mota ta tashi. Na matsa kusa da shi, na rage murya.

"Ranka shi daɗe, motar ta tahi. Injinan mutanen Fakku na can."

"Ka ce musu muna nan tahe," in ji shi, yana tsoma ƙosai. "Rabon kwaɗo ba ya hawa sama."

Da za mu tashi Hajiya ta tambayi inda muka sauka. Da na faɗa mata sai ta riƙe haɓa, ta ce ai 'yarta ce ke sayar da koko kullum a bayan katangar masaukin, daga wannan tukunyar ake ɗibar mata. Abin da ya zo bakina ba na faɗa wa mai mataki na goma sha huɗu ba ne.

Muka ɗauki tasi, muka maƙale a bayan masu rakiyar gawa da ganguna da jajayen kaya. Ko da muka isa gonar gwaji ana naɗe kujeru. Shugabar taron ta ba mu 'yan mintoci don kunya, Alhaji ya cinye fiye da rabi wajen godiya da yabon garinsu. Na yi bayanina a gurguje, gishiri ya bushe fari fat a wandona. An riga an raba injina. Mu aka ba mu ɗan irin shinkafa na gwaji.

Ni na je Fakku na tsaya gaban manoma. Sarkin noma ya dubi buhun irin, ya dubi bayan babur ɗina, ya ce ko injinan suna tafe a mota. Na ce Allah bai nufa ba. Ranin nan ma da injin haya suka yi shi. Alhaji kuwa wata guda yana ba ofis labarin kokon Gana, yana ƙarawa da cewa Malam Garba mutumin kirki ne, sai dai ba shi da haƙuri.

Ba mugu ba ne, Allah ya jiƙansa, shi ya tsaya min har na samu ƙarin girma. Amma na gane cewa a aikin nan namu abin da manomi ya shekara yana jira yana iya rataya a kan cikin mutum ɗaya, kuma ba takardar aiki da ta faɗa maka haka. Da aka sake tura mu Ibadan ni da shi, sai da na sa uwargida ta ɗaure min garin koko, na ari fulas. Ana sallame sallar asuba na ƙwanƙwasa ƙofarsa da kofi a hannu. Ya kurɓa, ya ce bai kai na Hajiya Adiza ba. Na ce haka ne, ranka shi daɗe, a ƙarasa a mota.