Katangar da Ba a Gani

Yakubu Mai Hoto ɗan masunta ne gaba da baya, amma tun yana yaro ya raba gari da kogin Haɗeja. Ko wankan rafi ba ya yi. Ya koyi ɗaukar hoton biki, har ya mallaki ɗan jirgin nan mara matuƙi da ke shawagi bisa kan 'yan rakiyar amarya. Mutanen ƙauyensu kan ce ga ɗan Sarkin Ruwa da ke tsoron jiƙa wando. Shi dai murmushi yake yi.

Daminar da ciyawar kacalla ta toshe mashigar ruwa, sai kogi ya juyo cikin gonakin shinkafa. Gonar yayarsa 'Yar'azumi ce a bakin gaɓa, da ita take ciyar da marayunta, ga shinkafar ta fara fitar da kai. Maza suka haɗa gayya da laujensu, amma ciyawar ta fi mutum tsayi, ba wanda ya san inda toshiyar take. Aka kira Yakubu ya duba ta sama.

Jirgi ya tashi tiryan-tiryan, can tsakiyar fadama ya tsaya cak. Yakubu ya tura, ya ƙi. Ya zagaya ta gabas, ya sake cijewa.

"Iskoki!" in ji wani dattijo. "Abin da ya tare ƙarfe a sama, mu zai bari?"

Nan take aka fara saɓa lauje a kafaɗa.

"Baba, wallahi manhaja ce," Yakubu ya ce. "Masu ƙera shi sun zana masa iyaka saboda tsohon filin jiragen feshin tsuntsaye da ke hayi. Ba ya tsallake ta."

Wa zai saurare shi? Filin da awaki ke kiwo a ciki! Ya gwada neman a buɗe masa ta waya, aka ce sai da takardar hukuma. Kafin ta fito kuwa, shinkafa za ta ruɓe.

'Yar'azumi tana tsaye ruwa iya gwiwa tana kallonsa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Ya ajiye jirgin, ya karɓi lauje, ya shiga kwale-kwale.

"Yaya, riƙe min wayar nan."

Tuƙin ma bai iya ba. Gora na kufce masa, kwale-kwalen na juyawa, amma ya nufi daidai inda jirgin ya cije, har kacalla ta haɗiye shi.

Can sai muryarsa ta taso daga cikin ciyawa, da jin ta tsoro bai sake shi ba.

"Ga toshiyar nan! Ba kowa a nan sai sauro!"

Dattijon ya sauke laujensa daga kafaɗa, ya naɗe wando.