Zaren da Aka Cire daga Rigunan Yaya Mai Allura

Shekara talatin da huɗu ke nan, duk safiya ita ke fara isa ɗakin wanki na asibitinmu. Kafin mu iso ta kunna tukunyar ruwan zafi, ta ware zannuwan ɗakin haihuwa daga na ɗakin tiyata, ta jona dutsen guga, ta zauna a benci tana duba abin da ya yage, allurarta a soke a gefen ɗankwali. Shi ya sa muke ce mata Yaya Mai Allura. Likitoci ba su san ta ba. Amma duk wanda ya taɓa jinya a asibitin nan, a kan aikin hannunta ya kwanta.

Ni ban yi makaranta ba. 'Yata ce ke riƙe da biro, na kuma gargaɗe ta kada ta sa wa maganata sukari. Ƙarshen watan nan Yaya za ta ajiye aiki. Na zo in jinjina mata, na kuma zo da ƙara, don an yi mata abin da ya ƙi wuce mini a wuya. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

A ɗakinmu kowace mace ana ba ta farar rigar aiki, yadi ɗaya, ɗinki ɗaya. Yawancinmu ba ma karatu, to ta yaya za ki gane taki a cikin tulin wanki? Yaya ce ta samo dabara. Ranar da sabuwa ta fara aiki, sai ta karɓi rigarta ta ɗinka mata alama a cikin wuya. Wata jan zare layi uku, wata baƙi a gicciye, wata kore kamar ƙafar kaza. Ni da na zo ta yi mini shuɗi mai ƙulli biyu, ta ce ɗaya na riga ne, ɗaya na bakina ne, ko Allah zai sa ya ɗauru. Bai ɗauru ba. Kuma ba ta taɓa ba wata alamar wadda ta rasu ba.

Dokar wurin ita ce, idan mace ta bar aiki ko ta mutu, a mayar da rigarta sito a yayyaga ta a yi tsumman goge ƙasa. Yaya ta ce ba za a goge ƙasa da gumin 'yar'uwarta tana kallo ba. Sai ta riƙa kawo tsofaffin zannuwanta daga gida ta ba mai sito a madadin rigar, ta ninke rigar ta sa a akwatin ƙarfe a ƙarƙashin teburin guga. Har suka kai ashirin da bakwai. A cikinsu akwai ta ƙanwata, autarmu, wadda ta yi wata takwas kacal tana aiki tare da mu, ta shiga ɗakin haihuwa na asibitin nan ba ta fito ba. Ko hotonta ba ni da shi. Duk ranar da kewarta ta taso mini, Yaya ba ta tambayata komai, sai ta jawo akwatin da ƙafa, ta juya baya ta ci gaba da guga.

Yaya, ke ce rumfar da muka sha inuwa ba mu ɗaga kai mun dube ta ba.

Bana sai manyan asibiti suka ce za a yi bikin tunawa da tarihin mata a wurin aiki, aka kafa kwamiti ya nemo kayan nuni. Suka bugo hotunan wasu mata daga waya, wata na tuƙa jirgin sama, wata na riƙe da kofi. Shugaban asibiti ya duba ya ce mu ba mu da namu ne? Suka shiga ɗakin fayil suka birkice shi, ba su sami sunan mai wanki ko ɗaya ba, don a matsayin leburorin yini aka ɗauke mu. Daga nan wani ya tsegunta musu labarin akwatin.

Shugabar kwamitin da kanta ta sauko. Ba zan yi mata ƙarya ba, ta rusuna ta gaishe mu, ta ce wa Yaya Mama. Yaya ta ji daɗi, ta buɗe kwaɗon akwatin. Ta juya wuyan riga ta nuna mata zaren, ta fara faɗin ta wace ce. Wayar shugabar ta yi ƙara, ta ce, "To Mama, to Mama," ta sa aka ɗauki akwatin. Ni na ce kada a bayar. Yaya ta ce in bari, yau dai za a faɗi sunayensu a gaban mutane.

Ranar bikin ba a gayyace mu ba. Mu muka wanke zannuwan teburin, mu muka goge su, sai da taro ya watse aka ce mu hau mu kwaso. Muka shiga zauren, ga rigunan a rataye a jere, fari fat, sun sha sitaci. A ƙasansu an manna takarda. Wata ma'aikaciyar jinya ta karanta mana, wai matan da ba a san sunayensu ba.

Yaya ta ƙarasa ta juya wuyan ta farko. Ta juya na biyu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen layi, babu zare ko ɗaya. Ashe an ba mai kwalliyar zaure rigunan, shi kuma ya ga zaren launi-launi ya ce ƙazanta ce, ya kai wa tela ya warware su duka, aka jiƙa su a maganin cire tabo.

Da ta kai ta ƙarshe sai ta juyo ta dube ni ta ce, "Ƙanwata, ni na bayar. Da hannuna."

Ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da tururi ya sale mata hannu. Ran nan na gani.

Ba a nan abin ya tsaya ba. Da muka nemi a mayar mata, sai aka ce rigunan na ɗauke da hatimin asibiti, kayan asibiti ne, an kulle su a sito, kuma ƙarshen wata za su bi sahun tsummoki kamar yadda doka ta ce. Na hau ofishin manaja sau uku. Na farko yana taro, na biyu ya fita. Na uku ya ce in rubuto. Na ce masa, ranka ya daɗe, da na iya rubutu ai da ba ka same ni a bakin tukunya ba. Shugabar kwamiti ta ba da haƙuri, har idonta ya yi ja, amma ta ce abin ya fi ƙarfinta. Haƙuri ba ya ɗinka zare.

Mai sito ne ya ji kunya. Ranar Talata lokacin hutun rana ya buɗe mana na rabin awa, ya tsaya a ƙofa yana leƙen hanya. Idon Yaya yanar ido ta fara rufe shi, tururin shekaru ya cinye shi, da hannu ta yi aikin. Ta shafa wata ta ce ta Doguwa ce, ga ƙarin yadin da ta yi mata a ƙasa don kada ta riƙa yawo kamar ta ari rigar 'yarta. Ta taɓa wata ta ce ta Bahaguwa ce, hannun hagu ya fi cinyewa. Wata aljihunta ya saki, ta ce ta Mai Alewa ce, kullum tana cusa wa 'ya'yanta tsaraba. Har mai sito ya yi dariya, sannan ya kau da kai. Ta gane sha tara.

Takwas suka rage, na waɗanda ba su daɗe ba. Riga ba ta ɗaukar kamannin mai ita sai an shekara ana gumi a ciki, su kuwa zaren nan kaɗai ke faɗin su wane ne. Ta autarmu na cikinsu. Na tsaya a gabansu ina sunsunawa kamar mahaukaciya, ba abin da nake ji sai warin magani. Yaya ta riƙe mini kafaɗa ta ce in an ba ta su ta zauna da su a natse za ta gane, don ta tuna ta rage wa yarinyar kafaɗa, kuma hannunta bai manta ɗinkinsa ba. Sai mai sito ya ce lokaci ya yi.

To, manaja, ka ce in rubuto, ga shi na rubuto. Ba mu neman lambar yabo, ba mu neman a kira mu zaure. A buɗe sito a ba matar nan rigunanta kafin ƙarshen wata. A ba ta kujera kusa da taga. A zaunar da mai biro ɗaya a gefenta ya rubuta duk sunan da ta faɗa, a sa a ɗakin fayil ɗin da ba mu ciki. Kun ce tarihin mata kuke nema. Yana nan ƙasan bene yana guga, saura masa kwana tara.

Ku kuma da ke wasu wuraren aiki, akwai irinta a inda kuke, tana shara ko tana dafa ruwa. Idan kun je neman kayan biki wurinta, ku kashe waya ku zauna har ta gama magana.

Yaya Mai Allura, ke kika riƙe matattunmu lokacin da takarda ta ƙi riƙe su. Na gode, mun gode, Allah ya saka miki, ya bar miki sauran ganinki. Ki daina cewa ke kika bayar. Amana kika bayar, su suka ci. Na sayo zare kala bakwai, yana cikin jakata, kuma gobe da safe zan sake hawa benen nan.