Rodiyon, Baƙon da Hajo Ta Miƙa wa Jikanta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Janairun 2025, ina fitowa daga sallar la'asar a Ƙofar Sauri, wayata ta yi ƙara. Nina ce daga Mosko, matar abokina Rodiyon Jelnin. Da ɗan Rashancin da ya rage mini na gane cewa mijinta ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gida, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Likitoci sun ce zuciya ce. Ba ta ƙara komai ba, ni ma ban tambaya ba, don mun san ba mu kaɗai ke sauraren wayar ba.

Rodiyon, mutanen ƙasarku sun san ka a talabijin, mai sharhin siyasa mai buga tebur, kullum maganarka Rasha ta Rashawa ce. Ni kuwa na san ka tun kana ɗan siririn ɗalibi a birnin Rostov na ƙasarku, inda aka tura ni karatun injiniya. Sanyin farko da ya kusa hallaka ni, kai ka tuɓe rigarka ka yafa mini, sannan ka zauna kana karkarwa kana yi mini lacca cewa babu ƙasar da ta kai taku. Halinka ke nan har ka bar duniya, hannu mai kyauta da baki mai zafi.

Ka zo Katsina shekarar da aka haifi ɗana Anas. Ranar suna ka zauna a tabarma cikin babbar rigar aro, gumi na tsiyaya, kana kokawa da tuwo yara na ƙyalƙyala dariya. Mahaifiyata Hajo, Allah Ya jiƙanta, ta sa aka shigo da kai cikin gida, ta ɗora maka jaririn ta ce, "To Bature, ga ɗanka nan, na ba ka amana." Mu nan haka ake faɗa wa kowane aminin uba, a wuce wurin. Amma da na fassara, sai ka tsare ni da ido ka ce, "Ummaru, da gaske take?" Na ce da gaske mana, don kawai mu koma wajen nama.

Bayan Tarayyar Sobiyet ta wargaje ka bar koyarwa ka shiga jarida, daga nan rediyo, daga nan talabijin. Abin da kake faɗa a kan baƙi ya riƙa ƙona mini rai. Na kira ka na ce baƙin nan da kake zagi har da ni. Ka ce ni daban ne. Na ce ba na so in zama daban, muka daina magana. Mutuwarka ba za ta sa in ce na yarda da ra'ayinka ba.

Bara wani dillali ya ruɗi Anas da aikin walda a Rasha. Ya bar matarsa Rukayya da yara ya tafi. Suna sauka aka karɓe musu fasfo, aka sa musu kakin soja. Maganarsa ta ƙarshe a waya ita ce, "Baba, za a kai mu bakin daga." Ba ƙofar da ban buga ba. Da na rasa yadda zan yi, na haɗiye fushina na kira ka. Ban gama bayani ba ka katse ni: "Wane Anas? Anas ɗina?"

Abin da ka yi, ban roƙe ka ka yi ba. A cikin shirinka, ƙasa duk tana kallo, ka ambaci sunansa. Ka ce ƙasar da ke da maza ba ta yaudarar baƙo ya zo ya mutu mata. Ka ce, "Wannan ɗana ne, kakarsa ce ta ba ni shi." Aka dakatar da shirin, masu yi maka tafi jiya suka koma kiran ka maci amana. Duk da haka ka bi diddigi ka gano inda yake, ka tuƙa motarka har asibitin da yake kwance da raunin da ya samu a ƙafa a bakin daga, ka ɗauko shi ka kai gidanka.

Yau Anas yana can ba fasfo, kuma kai da sunanka ke tsare ƙofar gidan ka tafi. Nina ta ce duk sa'ad da aka ƙwanƙwasa, sai ta fara tura shi ɗaki kafin ta buɗe. Rukayya ta daina cin abinci. Ni kuma wayata ko yaushe tana hannuna.

Na shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida na zauna makoki. Wasu sun yi ta ƙus-ƙus, wai zaman makoki don wanda ba Musulmi ba. Limaminmu Malam Shehu ya zo ya zauna kusa da ni ya ce, "Alhaji, ka faɗi alherinsa, ka yi wa iyalinsa gaisuwa, sauran ka bar wa Mai shi." Na bar Masa. Shi ne Mai rahama, kuma ba abin da ya ɓuya gare Shi.

Nina, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya tsare ki da abin da kike tsarewa. Na ce ki sallami yaron kada ki jefa kanki cikin hatsari, kika ce Anas ne ya ɗauki gaban makarar mijinki, domin ba ku da wani ɗa sai shi. Ya Allah, Ka rufa musu asiri su biyun, Ka dawo mana da shi Katsina lafiya.

Rodiyon, ranar da Hajo ta yi maganar nan gidan cike yake da 'yan'uwana, duk mun ɗauke ta al'ada. Kai kaɗai ka riƙe ta.