Littafin da Ba a Mutuwa a Cikinsa

Lokacin da littafina na uku ya fito, na yi kusan wata biyu ina yawo da shi a jaka kamar mai tallar turare. Na karanta wa ɗalibai wani babi a Yelwa, a ɗakin taron da fankarsa ba ta aiki. Na sa hannu a kwafin 'yan uwa da na san ba za su buɗe shi ba. Wanda ya buga mini littafin, wani dattijo mai ɗan shago kusa da Ƙofar Dumi, shi ya nema mini shiga wani shirin rediyo na safiyar Asabar. Ya ja mini kunne ya ce, "Malama, duk abin da aka tambaye ki, ki ƙare da sunan littafinki."

Na yi iya ƙoƙarina. Da mai gabatar da shirin ya tambaye ni littattafan da zan ba masu sauraro shawara su karanta, sai na jero manya-manya, har da guda biyu da ni kaina ban gama ba. Daga nan aka buɗe layin waya.

Ta uku da ta kira mace ce, kuma daga jin Hausarta ka san a kasuwa ta koye ta. Ta ce daga barikin Shadawanka take. Mijinta soja ne, an tura shi aiki gabas, wata bakwai ke nan ba ta sa shi a ido ba. Ta ce ta iya karatun Hausa kaɗan-kaɗan, a coci ta koya.

"Malama, ni ina so littafi wanda ba kowa ya mutu a ciki," in ji ta. "Naka, akwai mutuwa?"

Akwai kuwa. A babi na tara mijin matar da labarin ke kanta ya fita da safe bai dawo ba. Wata uku na yi ina gyaran wannan babi, kuma babu wanda nake alfahari da shi kamarsa. Mai gabatarwa ya ɗaga littafin yana nuna mini bangonsa, alamar in yi talla. Na ce, "Akwai, 'yar uwa. Kada ki karanta nawa yanzu."

"To wanne zan karanta?"

Na laluba kaina, na ga duk manyan da na jero ɗazu cike suke da makoki. A ƙarshe na roƙe ta ta bar lambarta wajen ma'aikatan, zan neme ta.

Da na biya ta shagon dattijon, na tarar ya saurari shirin. Ya cire tabarau ya dube ni. "Tunda nake wannan sana'a ban taɓa jin marubuci ya shiga rediyo ya hana a sayi littafinsa ba." Ya tura mini kujera.

A gida na sauke littattafaina ƙasa ina dubawa ɗaya bayan ɗaya. Kwana biyu na yi, kuma na sha mamakin yadda mu marubuta ba ma gajiya da binne mutane. Can ƙasan kwali na sami wani ɗan siriri da bangonsa ya yage, wanda na karanta tun ina yarinya. Labarin maƙwabta biyu ne da ke rigima a kan bishiyar mangwaro da ta leƙa katanga. Da a ce a rediyo ne, da kunya ta hana ni ambatonsa.

Na karɓi lambarta a gidan rediyon na kira ta, sannan na hau keke na kai mata. Na same ta a wajen bariki, inda take suyar doya. Za ta kai shekara arba'in, gajera ce mai yawan dariya. Ta goge hannu a zaninta kafin ta karɓa, sannan ta ƙulle mini doya da yaji, ta ƙi sauraron musuna.

Bayan mako biyu ta kira ni. Ta ce ta gama, kuma da la'asar takan karanta wa sauran matan barikin da mazansu ke can gabas. Har gardama ta kaure a tsakaninsu a kan wanda ya fi gaskiya a zancen mangwaron. "Sun ce in tambaye ka, akwai wani?"

Na shiga aron littattafai wajen ƙawayena malaman makaranta, ina karanta kowanne har ƙarshe kafin in kai. Tun daga lokacin, in wani ya ce in zaɓar masa abin karantawa, sai na fara tambayarsa yadda gida yake.

Da damina ta kusa ƙarewa ta sake kira. Mijinta ya dawo. Ta ce ya rame, ba ya son magana, amma yana cin abinci, kuma an mayar da su wata jiha. Ta aiko mini da littattafan ta hannun maƙwabciyarta, a naɗe cikin leda. Guda biyu ba su dawo ba, maƙwabciyar ta ce matan ba su gama ba tukuna. Na ce su riƙe.